Na sayi fitilar UV saboda ɗakin Baba, ga abin da ya faru, ina neman shawara

Maman Afnan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wanda ya san abin nan ya yi min bayani dalla-dalla, hankalina a tashe yake. Mahaifina ya dawo gida bayan zagaye na biyu na maganin ciwon daji, likita ya ce garkuwar jikinsa ta yi ƙasa ƙwarai, a kula da tsabta. Shi ne na sayi abu biyu ta intanet: wata 'yar sanda mai fitila da ake bi da ita kan kaya, da wata doguwar fitila da ake tsayarwa a tsakiyar ɗaki. Dukansu an rubuta a kwali cewa suna kashe kashi 99.9 cikin 100 na ƙwayoyin cuta. Yau kwana biyar ke nan ina bin katifarsa da sandar, da filo, da rimot, da hannun ƙofa, da wayarsa. Gaskiya har na rage goge-gogen da nake yi da, don na ɗauka hasken ya wadatar.

Jiya da la'asar ƙanena ya kunna babbar yana cikin ɗakin yana gyara gado, kamar minti goma. Lafiya lau ya kwanta. Wajen ƙarfe biyu na dare ya tashi yana cewa kamar an zuba masa yashi a ido, hawaye na ta zuba, ko hasken waya ba ya iya kallo. Fuskarsa ma ta yi ja ta gefe ɗaya. Shin fitilar ce? Kuma abin da ya fi damuna, tana kashe ƙwayoyin cutar kuwa, ko kwana biyar ɗin nan na bar Baba ne a cikin haɗari ban sani ba?

Ummu Sudais:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce. Ni ma ina da irin sandar tun lokacin korona, zan zauna in ji amsa.

Anti Nas:
Ƙanwata, bari mu fara da idon ƙaninki, sauran maganar ta jira. Yadda kika kwatanta, fitilar ce. Hasken ya ƙona siririyar fatar da ta lulluɓe baƙin ido. Halin wannan ƙunar ke nan, ba a jin komai a lokacin, sai bayan awa shida zuwa goma sha biyu, shi ya sa yawanci cikin dare take tada mutum. Galibi tana warkewa cikin kwana ɗaya ko biyu domin fatar wurin tana saurin sabuntawa, amma ya je likitan ido ya duba shi yau. Kada ya murza, ya zauna a wuri mai duhu, ya ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi a kan idon a rufe. Kada wani ya ba shi maganin ɗigawa mai kashe zafi ya riƙa sawa da kansa, yana hana wurin warkewa. Ita kuma fitilar ki cire ta daga soket yanzu, ki ajiye inda yara ba za su kai ba. Ina fata dai ba a taɓa kunna ta Baba yana ciki ba.

Maman Afnan:
Ba a taɓa ba Anti, alhamdulillah. Yanzu za a kai shi.

Oga Mai Walda:
Hajiya sannu. Duk wanda ya yi walda ya san wannan daren, ni na kwana da shi ba sau ɗaya ba ina yaron shago. Wutar walda ma irin hasken take fitarwa. Kuma ba sai ka kalle ta ido da ido ba, ko ta gefe ta haske ka, ko ta dawo daga jikin ƙarfe mai sheƙi, za ka ji a jikinka. Mu ana koya mana mu rufe fuska, mu rufe hannu da wuya. Abin da ya ba ni tsoro shi ne a ce irin wannan wutar ce ake kai wa mutane ɗakin kwana ba wanda ya ja musu kunne.

Abu Hanif:
Ni dai ra'ayina, duk yaudara ce. An ga mutane sun tsorata a 2020, aka kawo fitilu masu launi aka ce suna kashe cuta. Ta yaya haske zai kashe abin da sai an sa masa magani? Ki zubar da su kawai, Hajiya.

Malamin Kimiyya:
Malam Abu Hanif, a nan ban bi ka ba. Hasken da ya iya ƙona idon saurayi cikin minti goma ai ba fitilar ado ba ce. Kuma sanin cewa haske yana kashe ƙwayoyin cuta ya girmi korona da shekara fiye da ɗari. Tun 1801 wani Bajamushe, Johann Ritter, ya gano akwai haske bayan launin shuni wanda ido ba ya gani, shi ne ake kira UV. A 1877 Turawan Ingila biyu, Downes da Blunt, suka nuna cewa hasken rana yana hana bakteriya yaɗuwa a cikin kwalabe. Niels Finsen na Denmak ya karɓi kyautar Nobel a 1903 saboda warkar da tarin fuka na fata da haske. A 1910 birnin Marseille na Faransa ya fara tace ruwan sha da fitilar UV. Daga 1937 kuma William Wells ya saka irin fitilun a saman ajujuwa a makarantun yankin Filadelfiya na Amurka, ya ga ƙyanda ta ragu a tsakanin yaran da ke cikinsu.

Yadda abin yake, hasken UV kashi uku ne bisa tsawon zangonsa, wanda ake aunawa da wani ɗan ƙaramin ma'auni mai suna nanomita. UVA daga nanomita 315 zuwa 400, UVB daga 280 zuwa 315, sai UVC ƙasa da 280. Na ƙarshen nan shi ne mai kisa. Kowace ƙwayar cuta tana ɗauke da rubutun halittarta, DNA ko RNA, wanda da shi take kwafar kanta ta hayayyafa. Wannan rubutun ya fi shan haske a wajen nanomita 260. Idan ya sha, sai wasu haruffa biyu da ke maƙwabtaka su manne da juna, kwafin ya gagara. Ƙwayar tana nan a wurin, ba ta narke ba, ba ta tafi ko'ina ba, amma ba ta iya haihuwa, wanda kuma bai iya haihuwa ba bai iya sa cuta. Doguwar fitilar Hajiya, idan mai dogon ƙwai ce, tururin zaiba ne a ciki, yana ba da haske a nanomita 254, dab da inda ake so.

To ka ga, mu ma jikinmu da DNA aka gina shi. Abin da ya yi wa bakteriya shi ya yi wa idon yaron nan. Hasken bai san na gida ba.

Abu Hanif:
To na ji, Malam. Idan haka ne a shanya kayan a rana mana, ba ga shi kyauta ba?

Malamin Kimiyya:
Rana tana taimakawa, amma ba da UVC ba. Iskar ozon da ke can sama tana tare shi gaba ɗaya, ba ya isowa ƙasa. Abin da ke zuwa mana UVA ne da ɗan UVB, su kuma aikinsu a hankali ne, tare da zafi da bushewa. Shi ya sa masu tsabtace ruwa a gorar roba ta hanyar rana sai sun bar ta awa shida cur a rana mai ƙarfi. Shanya katifa abu ne mai kyau, tana kore danshi, amma kada a ɗauke ta a matsayin kashe cuta ga mai raunin garkuwa.

Injiniya:
Duk abin da Malam ya faɗa haka yake, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Tambayar Hajiya ba wai ko UVC yana kisa ba ce, tambayarta ko ya yi kisa a kan rimot ɗin Baba. Wannan kuma lissafi ne.

Hasken kamar magani yake, yana da adadin da sai an kai. Adadin shi ne ƙarfin hasken da ya sauka a wurin, sau tsawon lokacin da ya ɗauka yana sauka. Ana auna shi da milijul, wato ma'aunin yawan hasken da ya taru, a kan kowane murabba'in santimita. Na'urorin tace ruwan sha na gida masu daraja ta ɗaya ana buƙatar su ba da 40. Wasu bakteriya kamar E. coli da kaɗan suke mutuwa, ƙasa da 10 ma ya yi musu illa sosai. Amma akwai masu taurin kai: bakteriyar da ke shiga ƙwanso ta kwanta, da funfuna baƙa, da bairos ɗin adeno, waɗannan sai an ninka sau da yawa.

Bari in ba da misali don a gane, ba wai na auna sandar Hajiya ba. A ce sanda tana sauke miliwat 1, wato milijul 1 a kowace daƙiƙa, a kan murabba'in santimita idan tana nisan santimita 5. Kafin ta tara 40, sai ta tsaya cak a wuri ɗaya na daƙiƙa 40. Idan kika ja ta baya zuwa santimita 10, ƙarfin yana faɗuwa ƙasa da rabi, yana iya kaiwa kashi ɗaya cikin huɗu, sai ki buƙaci har daƙiƙa 160. Kuma wannan na ɗan wurin da ke ƙarƙashin fitilar ne kaɗai, faɗin tafin hannu. Yanzu ki lissafa tafin hannu nawa ne a jikin katifa. Wa zai yi wannan tsayuwar? Kowa wucewa yake yi da ita fuu, kamar mai kore ƙuda, kowane wuri bai samu daƙiƙa biyu ba.

Ga kuma ɗaya gefen da nake so a kula. Iyakar da masana lafiyar ma'aikata suka sa wa ido a nanomita 254 ita ce milijul 6 a cikin awa takwas na aiki. Shida kacal. Wato abin da ake buƙata don a tabbatar an kashe cuta ya ninka abin da ido zai iya ɗauka sau shida da wani abu. Saboda haka sandar da ke hannunki, ko dai tana da ƙarfin da zai yi aiki, to tana da ƙarfin cutar da ke da duk wanda ke kusa, ko kuwa ba ta cutar da kowa domin ba ta yin komai. Ban ga hanya ta uku ba ga fitilar 254 da ke buɗe a hannun mutum.

Shi kuma 99.9 ɗin da ke kwali, a tambaya: wace ƙwaya, a wane nisa, na minti nawa, a kan wane irin abu? Gwajin ɗakin bincike a kan faranti mai santsi da tsabta ake yi, fitila a daidai samansa. Kwalin da bai faɗi waɗannan ba bai faɗi komai ba.

Maman Afnan:
Innalillahi. Injiniya wallahi yadda ka faɗa haka nake yi, wucewa kawai, kuma daga nesa don ina tsoron ta taɓa. To katifa da filo fa? Su na fi ba wa lokaci.

Anti Nas:
Su ne ma ba ta yi wa komai, ƙanwata. Haske a miƙe yake tafiya, abin da ya gani shi yake kashewa. Yadi kuwa duk ramuka ne, kowane zare yana yi wa na ƙasansa inuwa. Ga ƙwayar cuta, ɗan ramin da ke tsakanin zare biyu ɗaki ne guda. Haka gefen maɓallan rimot, haka bayan hannun ƙofa inda yatsu ke kamawa, haka ƙasan tebur. Kuma UVC ba ya ratsa komai kusan. Ƙura tana tare shi, maiƙon hannu yana tare shi, busasshen yawu ko majina yana tare shi, gilashin taga ma yana tare shi. Ƙwayar cuta kuwa ba tsirara take zama a kan tebur ba, a cikin wannan dattin take.

Bari in gaya miki yadda ake yi a asibitocin da ke da na'urar UV. Sai an sallami mara lafiya, masu shara su shiga su goge ko'ina da hannu da maganin kashe cuta. Bayan nan a buɗe durowa, a ɗaga katifa, a jawo labule, a shigo da na'urar, kowa ya fita a rufe ƙofa a manna gargaɗi. Sau da yawa sai an canja mata wuri a sake kunnawa, banɗaki ma nasa daban, duk saboda inuwa. Na'urar kuma tsayin mutum gare ta da dogayen ƙwayaye da yawa, ba irin ta gida ba.

An yi babban bincike a asibitoci tara a Amurka ƙarƙashin Jami'ar Duke, aka buga a mujallar Lancet a 2017. Inda aka ƙara UV a kan gogewar da aka saba, kamuwa da ƙwayoyin da ake bibiya ta ragu da kusan kashi 30 cikin 100. Amma ga C. difficile, mai ƙwanson nan da ke sa gudawa mai tsanani, ƙara UV a kan gogewa da bilic, wato ruwan kulorin, bai sauya komai ba. Ki lura da kalmar, ƙarawa aka yi. Babu inda aka ajiye tsumma aka ce haske ya isa. Abin da ya fi tada min hankali a saƙonki shi ne da kika ce kin rage goge-goge. Wannan ita ce ainihin illar kayan nan a gida, ta fi ciwon ido, domin ido yana faɗa maka an cuce shi, tebur ba ya magana.

Alhaji Mai Kaya:
Jama'a a yi mana adalci, kada a yi mana kuɗin goro. Ni ina sayar da irin waɗannan kaya, kuma ba zan ɓoye ba. Akwai na banza, akwai na kirki. Fitilun ɗaki da nake kawowa suna da agogo, kana kunnawa su ba ka lokaci ka fita, kuma da sun ji motsin mutum su mutu. Akwai akwati da ake sa waya da makullai, da ka buɗe murfi ya kashe kansa. Duk wanda ya saya ina gaya masa ya fitar da mutane da dabbobi da shuke-shuke. Idan wani ya sayar wa Hajiya ba tare da bayani ba, laifinsa ne, ba laifin hasken ba. Wuƙa ma tana yanka mai ita.

Injiniya:
Alhaji, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Akwatin da ka ambata shi ne abin da na fi yarda da shi a cikin kayan gida duka, domin ya warware matsala uku a lokaci ɗaya: nisa ba ya canjawa, lokaci ba ya hannun mai gaggawa, hasken kuma a kulle yake. Idan cikinsa mai sheƙi ne, da fitila sama da ƙasa, aka cire rigar wayar aka goge ta kafin a saka, zai yi aiki gwargwado. Amma ko shi, makullai biyar a zobe ɗaya suna yi wa juna inuwa.

Tambayata gare ka ita ce, ka taɓa auna abin da kake sayarwa? Ba zargi nake yi ba. Domin ido ba ya ganin UVC, mai saye da mai sayarwa duk a duhu suke. Shuɗin hasken da ake gani a fitilar zaiba ba shi ne mai kisa ba, rakiya ya yi. Ƙwan yana iya tsufa, ƙarfin UVC ya faɗi, shuɗin nan yana nan ras. Yawancinsu bayan awa 8,000 zuwa 9,000 ake canja su ko da suna kamawa. Kuma suna buƙatar ɗan lokaci su yi ɗumi kafin su kai ƙarfinsu, ƙura ko shatin yatsa a jikin ƙwan ma yana rage shi.

Na LED kuma nan ne ha'incin ya fi yawa. LED na UVC na gaske yana ba da 265 zuwa 280, yana da tsada, ɗan ƙarami ne a cikin gidan ƙarfe ko tangaram mai ƙaramar taga ta gilashin kwartz. Da yawa daga cikin sandunan da suka cika kasuwa LED mai launin shuni ne na 395 zuwa 405, dangin wanda ake duba jabun kuɗi da shi. Zai sa farar riga ta yi ƙyalli, mutum ya ji daɗi, amma ba ya yin aikin da aka saye shi dominsa a 'yan daƙiƙu. Alama mai sauƙi: idan an rufe fitilar da roba ko gilashi na yau da kullum, ko UVC ne a ciki ba zai fito ba. Akwai katin gwaji mai canja launi idan UVC ya sauka a kansa, akwai kuma mita. Mai sayarwa ya kamata ya mallaki ɗaya.

Na gasken ma ba su tsira ba. A Yulin 2022 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fitar da gargaɗi kan wasu sandunan UV da ta gwada, ta ce suna fitar da hasken da zai iya raunata ido da fata cikin 'yan daƙiƙu, kuma ba su da abin kariya. Tun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a haska hannu ko fata da fitilar UV.

Alhaji Mai Kaya:
Gaskiya ban taɓa aunawa ba, takardar kamfani nake bi. Zan nemi katin. Amma har yanzu ina kan bakata cewa fitilar ɗaki mai agogo tana da amfani idan an bi ƙa'ida.

Ummu Sudais:
Na ɗauko tawa na duba. Ƙananan ƙwayaye ne jere masu launin shuni, an rufe su da roba mai haske. Shekara nawa ina bin kayan wasan yara da ita, har da robar shan madarar jariri. Allah ya tsare dai ina wankewa kafin nan.

Maman Afnan:
Akwai abin da na manta. Idan aka kashe babbar, ɗakin yana wani wari mai kaifi, kamar na kusa da injin hoton takardu. Mai sayarwar ya ce min alamar ɗakin ya tsabtatu ke nan.

Malamin Kimiyya:
Ba alamar tsabta ba ce, Hajiya, mai yiwuwa ozon ce. Fitilar zaiba tana kuma fitar da wani haske a nanomita 185. Idan gilashin ƙwan bai tare shi ba, yana fasa iskar oksijin ta koma ozon. A can sama garkuwa ce gare mu, a cikin ɗaki kuwa tana cin maƙogwaro da huhu, tana tada asma. Ga dattijon da ke shan maganin daji wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan an ji warin, a buɗe tagogi har ya fita tas kafin kowa ya shiga. Kuma a hankali hasken yana cin kaya, roba ta yi rawaya ta fara tsagewa, labule ya koɗe.

Abu Hanif:
Na janye kalmar yaudara a kan hasken, amma ban janye ta a kan tallar ba. Malam, na ji ana maganar wani sabo da ba ya cutar da mutum ko yana cikin ɗaki. Shi ma talla ce?

Malamin Kimiyya:
Wannan na nanomita 222 ne, daga fitilar iskar kiripton da kulorin. David Brenner da abokan aikinsa a Jami'ar Kolombiya ta New York suna cikin waɗanda suka fi bincike a kansa. Hikimar ita ce zangonsa gajere ne har ba ya wuce mataccen saman fata ko ruwan hawayen da ke kan ido da nisa, amma yana ratsa ƙwayar cuta domin ita ƙarama ce. Sakamakon da aka samu yana da ƙarfafa gwiwa, musamman a kan ƙwayoyin da ke yawo a iska. Sai dai dole a sa masa matatar da ke tare sauran zangon masu cutarwa, yana haifar da 'yar ozon, kuma shi ma ba ya zagaya kwana. Inuwa inuwa ce ko a 222. Kada wanda ya ga an rubuta 222 a kwali ya saki jiki, tunda mun ga yadda rubutun kwali yake.

Baba Dattijo:
'Yata, Allah ya yi miki albarka, ya ba mahaifinki lafiya. Son da kike masa ne ya kai ki sayen abin nan, ba ki yi laifi ba. Amma kada garin neman gira a rasa ido. Masu ilimi, kun faɗa mata abin da ba ya yi, yanzu ku faɗa mata abin da za ta yi, dare na yi.

Anti Nas:
Gaskiya ne Baba. Ƙanwata, ki koma kan tsumma da sabulu. Wuraren da hannu ke yawan taɓawa, hannun ƙofa, makunnin wuta, rimot, ƙarfen gado, famfo, mazaunin banɗaki, ki fara wanke su da ruwa da sabulu, domin wanki yana ɗauke ƙwayar da dattin da ta ɓuya a ciki gaba ɗaya. Bayan nan ki bi da maganin kashe cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ruwan kulorin mai ƙarfin kashi 0.1 cikin 100, ko sifirit mai kashi 70 zuwa 90, a bar wurin a jiƙe aƙalla minti ɗaya. Idan bilic ɗinki mai kashi 5 ne, murfi ɗaya a cikin murfi 49 na ruwa, a haɗa sabo kullum, taga a buɗe, Baba ba ya ciki. Kada ki taɓa gauraya shi da wani maganin wanki, yana fitar da iska mai guba. Zanin gado da rigar filo a wanke su akai-akai su bushe sarai. Inda funfuna ta fito a bango a gyara danshin, kuma ba Baba a kusa lokacin da ake kankarewa.

Amma fiye da duk wannan, hannu da numfashi. Duk mai shiga wurinsa ya wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20. Mai mura ko tari ya gaishe shi ta waya. A bar iska tana ratsa ɗakin. Ko korona da ta sa aka sayi fitilun nan, a Afrilun 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce damar kamuwa daga taɓa gurɓataccen wuri ba ta kai ɗaya cikin 10,000 ba, ta iska ta fi yaɗuwa. Wasu cututtukan kamar masu sa amai da gudawa kam ta hannu da kaya suke bi, su kuma sabulu da kulorin ne maganinsu.

Alhaji Mai Kaya:
To Anti, bayan ta goge, ta kunna babbar a ɗakin da babu kowa, ƙofa a kulle, sannan ta buɗe taga. Ai ba a rasa ƙari ba.

Anti Nas:
A wani gidan zan iya yin shiru, Alhaji. A gidan da akwai yara, da mara lafiya, da masu shiga da fita, kuma fitilar ba ta da mai jin motsi, tana kuma ba da ozon, ɗan ƙarin da za a samu bai kai haɗarin ba. An riga an ga abin da minti goma ya yi. Idan tana so ta ci gaba, ta tambayi likitan Baba tukuna.

Oga Mai Walda:
Wani ya ce min tana kashe kuɗin cizo, gaskiya ne?

Injiniya:
A'a Oga, yana cikin tsaguwar katako da ɗinkin katifa inda haske ba ya shiga. Hajiya kuma, idan za ki rabu da babbar kada ki jefa ta a shara ta fashe, akwai zaiba a ciki. Ki mayar da ita kwalinta a kai inda ake karɓar matattun dogayen ƙwayayen lantarki. In ta fashe a ɗaki, kowa ya fita, a buɗe taga, a kwashe da kwali da jiƙaƙƙen tsumma, ba da tsintsiya ko injin zuƙar ƙura ba.

Maman Afnan:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. An dawo daga wurin likita, ya ce ƙunar haske ce, ya ba shi man ido, ya ce zuwa jibi zai ware in sha Allah. Yanzu ma ya fara buɗe idon kaɗan. Na naɗe fitilar a kwalinta. Na goge ɗakin Baba tun daga ƙofa har ƙarfen gado, kuma da na sa auduga a gefen maɓallan rimot ɗin nan da nake haskawa kullum, baƙin da ya fito sai da ya ba ni kunya. Saura wayarsa, ina tsoron sifirit ya ɓata ta.

Injiniya:
Ba zai ɓata ba in kin bi a hankali. Apple ma tun 2020 ya ce a iya goge iPhone da ƙyalle mai sifirit na kashi 70. Ki kashe ta, ki cire rigar ki wanke daban, ki jiƙa ƙyallen kaɗan, kada ki fesa kai tsaye, kada ruwa ya shiga ramin caji.

Anti Nas:
Abu ɗaya ya rage, ƙanwata. Kina da ma'aunin zafin jiki a gida? Ga wanda ke shan maganin daji, zazzaɓin da ya kai digiri 38 ba a jira masa wayewar gari, ko da ƙarfe uku na dare ne a kira likitansa ko a tafi asibiti, kuma kada a ba shi maganin sauke zazzaɓi kafin a auna. Ki rubuta lambar likitan ki manna kusa da gadonsa yadda duk wanda ke kwana da shi zai gani.

Maman Afnan:
Ba ni da shi Anti. Na aiki yaro ya sayo yanzu, lambar kuma ina rubutawa.